Cizon kare, ɓarnar gona da sauran rigingimun dabbobi: inda ake kai ƙara a Illela, Ƙonni da Malbaza

A gundumomin Illela, Birnin Ƙonni da Malbaza na jahar Tawa, da wuya ka sami gidan da babu dabba. Akwai karen gadi da na farauta, akwai jaki da san amalanke, ga tumaki da awakin mata, ga garkunan shanu da raƙuma masu bin burtali sau biyu a shekara. Inda mutane da dabbobi suka cakuɗa haka, ba a rasa cizo, tunkuyi, harbi ko ɓarnar gona. Dokokin Nijar sun faɗi wanda ke da alhakin biya da kuma hanyar da ake bi. Amma da yawa daga waɗanda aka cuta suna rasa haƙƙinsu, saboda ba su je likita da wuri ba, ko ba su riƙe takarda ba, ko sun ɗauki doka a hannunsu har su ma suka zama masu laifi. Ga matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya.

Idan kare ya yi cizo, likita ne farko

Kafin a yi maganar maigari ko jandarma, a fara da ceton rai. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare ake ɗaukarsa, ko da yake kyanwa, jaki, saniya da dila ma suna iya kamuwa. Ciwon yakan ɓoye a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunsa sun bayyana, irin su tsoron ruwa, dalalar da miyau da firgita, kusan babu mai tashi. Rigakafin da aka fara da wuri kuwa yana hana shi.

Abin da ake yi nan take shi ne a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu har tsawon minti 15, sannan a tafi gidan likita mafi kusa a ranar. Kada a ɗaure ciwon tamau, kada a zuba masa toka, barkono ko gashin karen. Ko yaƙushi ne, ko kare ya lashi wurin da ke da rauni, a nuna wa likita. Shi zai faɗi ko ana buƙatar allurar tetanos da ta haukan kare, wadda ake yi sau da dama cikin ƴan kwanaki, kuma dole a cika ta. Idan babu allurar a ƙaramin gidan likita, a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, ko asibitin Galmi, ko babban asibitin Tawa. Ba a jiran a ga ko karen zai haukace kafin a fara.

Tun daga wannan rana ake fara tara hujja. A nemi likita ya rubuta sartifika mai nuna ranar da abin ya faru, wurin raunin, girmansa da yawan kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba. Wannan lissafin kwanaki yana da nauyi a wajen alƙali. A ajiye takardun magani da rasit na kowane kuɗi, har na mota ko kabukabu. A ɗauki hoton raunin da waya kafin ya warke, a kuma riƙe sunayen waɗanda suka ga abin da idonsu.

Kada a yi gaggawar kashe karen

An saba a taru a bi kare da sanduna da zarar ya ciji yaro. Idan karen yana da mai shi kuma ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, ya fi kyau a ɗaure shi a sanar da ma'aikatar kiwo ta gunduma ko ta komin. Likitan dabbobi yakan sa masa ido kimanin mako biyu, ya rubuta abin da ya gani. Takardarsa tana taimakon likitan mutane, tana kuma tabbatar da cewa wannan kare ne, na wane ne. Karen da aka kashe aka jefar a kwari ya tafi da rabin hujja, don mai shi yana iya cewa ba nasa ba ne.

Idan kuwa dole ta sa aka kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, kada a bar ta ga yara ko wasu karnuka. A kira ma'aikatan kiwo, su ne ke ɗaukar abin da za a aika awo a babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, wato Labosel. Karen da ba shi da mai shi kuwa, babu wanda za a kai ƙara a kansa, amma a sanar da meri, tun da kula da dabbobin da ke yawo sakaka cikin gari aikinta ne.

Wa doka ta ɗora wa alhaki?

Tushen maganar yana cikin aya ta 1385 ta kundin dokokin hulɗar jama'a, wanda Nijar ta gada daga Faransa. Ma'anarta ita ce mai dabba, ko wanda yake amfani da ita a lokacin, shi ke ɗaukar alhakin cutar da ta yi, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta tsinke ta gudu. Saboda haka cewa "na ɗaure shi, igiya ce ta tsinke" ba ya fitar da mutum. Wanda aka cuta ba sai ya nuna cewa mai dabbar ya yi sakaci ba. Abin da zai nuna uku ne: dabbar ta wane ce, ita ta yi cutar, ga kuma girman asarar.

Wanda ya ari jaki ko ya yi hayar sa da amalanke don aikin kansa, shi ke amsawa muddin dabbar na hannunsa. Makiyayin da aka ɗauka aiki kuwa yana kiwo ne da sunan mai dukiya, shi ya sa ake bin mai dukiyar. Haka ma idan yaro ne ke kora awakin gidansu, iyaye ake nema.

Mai dabba yana iya kare kansa idan ya nuna cewa wanda aka cuta ne ya jawo, kamar wanda ya tsallaka katanga da dare, ko ya tsokani kare yana ɗaure. Alƙali yana iya raba alhakin idan kowane ɓangare yana da nasa kaso. Abin da ake iya nema ya haɗa da kuɗin magani da sufuri, kwanakin aikin da aka rasa, naƙasa ko tabon da ya rage, da raɗaɗin da aka sha.

Akwai kuma ɓangaren laifi. Idan sakacin mai dabba ya jawo rauni ko mutuwa, misali mutum ya san karensa mai cizo ne ya bar shi yana yawo a unguwa, dokar hukunta laifuka ta tanadi horo kan jikkata mutum ko kisa ba da gangan ba. Wanda ya cuna wa wani kare da niyya kuwa, tamkar ya dake shi da gangan ne.

Matakin farko: sulhu a gaban sarauta

Yawancin waɗannan rigingimu tsakanin maƙwabta ne, mutanen da gobe za su haɗu a masallaci da kasuwa. Shi ya sa ake farawa daga mai unguwa, maigari ko shugaban ruga, idan abin ya gagara a wuce fadar sarkin kanto, kamar fadar Sarkin Adar a Illela ko ta Sarkin Ƙonni. Doka mai lamba 2015-01 ta ranar 13 ga Janairu 2015 kan matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sasanta mutane. Ikon sasantawa ne, ba na yanke hukunci ko ɗauri ba, kuma babu wanda za a tilasta wa amincewa da abin da bai yarda da shi ba.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su tashi daga fada da magana ta baki. An ce wane zai biya kuɗin allura, an yi addu'a, an watse, bayan mako biyu ya ce ba haka aka yi ba. Doka ta ce sarki ya rubuta takardar sulhu idan an daidaita, ko takardar rashin sulhu idan ba a daidaita ba. A nemi a rubuta adadin kuɗin, ranar biya da sunayen shaidu, kowa ya sa hannu ko yatsa, kowa ya karɓi kofi. Ana iya kai takardar sulhun kotu a buga mata hatimin zartarwa, ta yadda idan wanda ya yi alkawari ya ƙi cikawa za a tilasta shi. A kuma lura, abin da aka sa wa hannu ba a warware shi cikin sauƙi. Kada a yafe ko a amince da kuɗi kaɗan alhali ba a gama magani ba.

Ƴan sanda, jandarma da kotu

Idan raunin babba ne, ko an rasa rai, ko mai dabba ya yi kunnen ƙashi, sai a kai ƙara komisariyar ƴan sanda a cikin gari, ko barikin jandarma a karkara. Ana kuma iya rubuta wa mai shigar da ƙara na gwamnati kai tsaye. Jami'ai za su ɗauki bayani, su saurari shaidu, su ba da takardar zuwa likita idan ba a riga an yi sartifika ba. Kafin ka sa hannu a kan bayaninka, ka nemi a karanta maka shi da Hausa. Duk kuɗin da aka ce ka biya a kowane ofis, ka nemi rasit.

Birnin Ƙonni yana da babbar kotu, haka ma Tawa, Illela kuma tana da ƙaramar kotu ta gunduma. A bisa ƙa'ida ana kai ƙarar laifi inda abin ya faru, kuma magatakardan kotu yana iya gaya wa mutum kotun da ke da hurumin sauraronsa. Hanya biyu ce. Idan gwamnati ta gurfanar da mai dabba kan laifi, wanda aka cuta yana bayyana a gaban alƙali cewa yana neman diyya, sai a yanke duka a zama ɗaya. Wannan ta fi sauƙin kuɗi. Idan babu maganar laifi, mutum yana shigar da ƙarar neman diyya da kansa, kuma a nan akwai kuɗin takardu da na wisiye, wato jami'in da ke kai sammaci da zartar da hukunci. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana ɗaukaka ƙara, amma lokacin gajere ne: a shari'ar laifi kwana 10 ne kacal.

Wani abin lura ga mutanen kan iyaka: Illelar da ke daura da Ƙonni ta jahar Sakkwato ce a Najeriya, ba Illelar Adar ba. Abin da ya faru a can, a kasuwa ko a hanya, hukumomin Najeriya suna da hurumi a kansa, ko da duka ɓangarorin biyu ƴan Nijar ne.

Ɓarnar gona: doka ta daban, hanya ta daban

Rigimar manomi da makiyayi tana da nata dokoki. Akwai doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa tsarin dokokin karkara, da doka mai lamba 2010-29 ta ranar 20 ga Mayu 2010 kan kiwo. A wannan fanni sulhu wajibi ne: alƙali ba ya sauraron ƙarar ɓarna sai an gwada sasantawa a gaban sarauta, an kawo takardar rashin sulhu. Dokar 2010 ta tanadi kwamitin sulhu mai wakilan manoma da na makiyaya daidai wa daida, ƙarƙashin jagorancin basaraken wurin. Idan an yi duka, rauni ko kisa, maganar ta fita daga hannun kwamiti, ta koma wajen jandarma da kotu.

Manomin da aka yi wa ɓarna ya kira shaidu tun sawun dabbobi bai ɓace ba, ya sanar da maigari, a je a duba gonar tare da mai dabbobin. Malamin gona ne ke auna faɗin wurin da aka ci, ya ƙiyasta abin da zai iya bayarwa da farashinsa a kasuwa. Diyya tana bin asarar da aka yi, ba yawan dukiyar makiyayi ba. Malamai sukan tuna da abin da ya zo a Muwaɗɗa da Risala, cewa tsaron gona da rana na mai gona ne, ɓarnar dare kuma tana kan mai dabba. A fada ana jin wannan magana, amma a kotu takardar ƙiyasi da dokar ƙasa ake dubawa.

Akwai inda manomi ba ya da haƙƙin diyya. Kowace shekara gwamnan jaha yana fitar da ranar sakin gonaki, kuma bayan wannan rana ba a neman diyya kan gonar damina, ko da mutum ya bar wake ko damman hatsi a ciki. Wanda ya yi shuka a cikin burtali, makiyaya ko bakin mashaya, shi ne ya taka doka. Noman rani kuma wajibi ne mai shi ya kewaye shi, ban da filayen ban ruwa na gwamnati irin na Ƙonni da Galmi, da wuraren noman rani da hukuma ta amince da su. Masu lambun albasa a kwarin Maggiya ya kamata su tambayi kwamitin kula da filaye, wato Kofo, ko wurinsu yana cikin waɗanda aka yi wa rajista. Kofo tana nan a matakin ƙauye, komin da gunduma, kuma ita ke da bayanin iyakokin burtali.

Makiyayi ma yana da kariya. Manomi ba shi da ikon sara, guba ko kashe dabbar da ya kama a gonarsa. Idan ya yi, zai biya gwargwadon farashinta a kasuwa, kuma ana iya gurfanar da shi. Dabbar da ba a san mai ita ba ana kai ta garken tsaro na meri, wato furiyer. Idan mai ita ya bayyana ya amsa ɓarnar a gaban hukuma, doka ta hana a ci gaba da tsare masa dabbobi. Ba a kuma yin gwanjon dabbar da aka tsare sai an jira wa'adin da doka ta ɗiba an yi cigiya.

Dalilin wannan tsari sananne ne. A shekarar 1991 rikicin Toda, a jahar Maraɗi, ya ci rayuka sama da ɗari. A watan Nuwamban 2016 wani rikicin manoma da makiyaya a Bangi, cikin gundumar Madawa mai maƙwabtaka da Malbaza, ya halaka mutum kusan 20. Asarar gona guda ana iya auna ta a biya cikin mako ɗaya, ramuwar gayya kuwa babu mai iya biyanta.

Haɗarin hanya da satar dabbobi

A kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, da kuma hanyar Tawa ta Badagishiri, ana yawan karo tsakanin motoci, babura da dabbobi. Kada a janye mota ko dabba, kada a yanka a raba nama, sai jandarma ko ƴan sanda sun zo sun auna sun rubuta. Da wannan takarda ake neman kamfanin inshora, da ita kuma ake gane ko gudun direba ne ko sakacin mai dabba.

Satar dabba laifi ne mai nauyi, kuma sulhu a gida ba ya goge shi. Wanda ya ga dabbarsa a hannun wani a kasuwa kada ya fizge ta. Ya kira sarkin kasuwa da jami'an tsaro, ya kawo shaidun da suka san alamarta. Mai saye kuma ya san dillalinsa, ya riƙe tikitin kasuwa, don shi ne zai fitar da shi ranar da aka yi cigiya.

Inda talaka ke samun taimakon shari'a

Yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke, kuma kawo ɗaya zuwa Ƙonni ko Illela ya fi ƙarfin mutane da dama. A irin waɗannan ƙararraki mutum yana iya tsayawa da kansa a gaban alƙali, akwai kuma tafinta. Ban da haka, doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ƙasa mai ba da taimakon shari'a, ANAJJ, wadda ke da ofisoshi a manyan kotuna, ciki har da ta Ƙonni da ta Tawa.

Taimakon nata iri biyu ne. Na farko bayani ne da shawara: a gaya wa mutum haƙƙinsa, a nuna masa ofishin da zai je, a taimaka masa rubuta ƙara. Wannan kyauta ne ga kowa. Na biyu shi ne a ba mutum lauya ko wani mai kare shi da kotu ta naɗa, a kuma ɗauke masa kuɗin shari'a. Ana ba da shi ga wanda ya nuna cewa ba shi da hali, yawanci da takardar shaidar talauci daga meri. Wasu rukunoni kuwa doka ta ba su shi kai tsaye, ciki har da ƙananan yaran da aka cuta idan maganarsu ta je kotun laifi. Tun da yara ne kare ya fi cizo, iyaye su tambayi wannan.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu ma suna ba da shawara. Akwai ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, da ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, da ƙungiyar makiyaya ta AREN. A yi hattara da ƴan kamasho masu tsayawa ƙofar kotu ko bariki suna cewa sun san alƙali. Ba su da wani matsayi a doka, kuma wanda ya ba da cin hanci shi ma ya yi laifi.

Abin da ake zuwa da shi

Duk inda za a je, fada ne ko bariki ko ofishin taimakon shari'a, a riƙe katin shaida, da takardar haihuwar yaro idan shi aka cuta, da sartifikar likita, da rasit, da hotuna, da takardar likitan dabbobi ko ta malamin gona, da takardar sulhu ko rashin sulhu idan an yi zama. A ba da kofi, a riƙe na asali. A je da shaidu biyu waɗanda suka gani da ido, ba waɗanda aka ba labari ba.

Masu dabbobi kuma su yi wa karnukansu rigakafin hauka a ma'aikatar kiwo su ajiye katin, su ɗaure mai cizo da rana, kada su bar wa ƙaramin yaro garke shi kaɗai lokacin da amfanin gona ke tsaye. Idan tsautsayi ya faru, mai dabbar da ya ɗauki wanda aka cuta zuwa likita ya biya allurar farko, yawanci maganarsa a zauren maigari take ƙarewa.